Daga Ƙonni zuwa Ilela: wa ke riƙe da igiya?

Baƙon da ya kwana a Birnin Ƙonni ba ya bukatar zakara ta tashe shi. Tun da asuba babura ke kai da kawowa, manyan motoci na ɗumama inji a tasha, masu amalanke sun kama hanyar fadama. Garin yana bisa babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Iyakar Najeriya tana kudu, kusa ƙwarai. Ranar Laraba ce kasuwa, kuma ranar ko wurin aje ƙafa sai an nema.

Wanda ya taso daga nan ya bi ta Malbaza, ya ƙare a Ilela, ya ratsa gundumomi uku na jihar Tawa. Ilelar da ake nufi ita ce ta Adar, ta arewa, ba wadda ke ƙetaren iyaka kan hanyar Sakkwato ba. A wannan tafiya mutum zai ga wuraren aiki iri uku: fadama, ma'aikatar siminti da bakin rijiya. Aikinsu ba ɗaya ba ne, amma abu guda ya haɗa su. A kowanensu, wanda haɗari ya doso ba shi ne ke fara ganinsa ba. Na kusa da shi ne ke fara gani.

Fadamar Ƙonni

Ruwan da ke shayar da fadamar Ƙonni daga kwarin Magiya yake fitowa. An datse shi a Mozage da Zango. Daga can wata babbar hanyar ruwa ta kawo shi tafkin Cerasa, sannan a rarraba shi cikin gonaki. An yi wannan aiki hawa biyu, daga 1976 zuwa 1982, kuma faɗinsa ya wuce hekta 2,400. Da ya tsufa aka gyara shi da taimakon kuɗin Amurka, a cikin wata yarjejeniya da ta fara aiki a 2018. Da damina ana shuka dawa da gero. Da rani kuwa sai albasa da alkama da masara da kabeji da tumatir. Mutum ya fito daga busasshen daji ya tarar da kore shar har iyakar ganinsa.

Inda akwai ɗanyen ganye akwai ƙwari, inda akwai ƙwari kuma akwai maganin feshi. A nan ne haɗarin fadama yake. Ƙonni garin iyaka ne, magani iri-iri ke shigowa kasuwa. Wani yana da takarda da izinin kwamitin ƙasashen Sahel mai duba magungunan ƙwari. Wani kuwa an juye shi cikin kwalbar lemo, ba suna ba bayani. Wanda ya koyi karatu ya riga ya samu makami, domin a gindin takardar magani na gaskiya akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Mai feshi ya goya famfo a baya, idonsa yana kan ganye. Bai ga cewa murfin famfon yana yoyo ba, maganin yana bin rigarsa. Yana jin sanyi a baya, sai ya ɗauka gumi ne. Alhali kuwa fatar mutum tana shan guba kamar yadda ƙasa ke shan ruwa. Wanda ke ban ruwa a gonar da ke maƙwabtaka shi ne zai ga rigar ta jiƙe. Shi ne kuma zai lura iska ta juya, tana maido da feshin a fuskar mai shi.

Gubar tana da alamu, kuma ya kamata kowane mai aikin fadama ya san su. Gumi mai yawa, miyau yana zuba, ciwon kai, jiri, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar tsabar gero. Abin da ke da ban tsoro shi ne, wanda abin ya kama yakan ce ba komai, rana ce ta buge shi, bari ya kwanta gindin itace. In aka bar shi ya kwanta shi kaɗai, ana iya zuwa a tarar da abin ya yi nisa. Aikin maƙwabci ne ya fitar da shi daga gonar, ya tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, ya wanke shi da ruwa da sabulu, ya kai shi gidan likita tare da kwalbar maganin. Kwalbar ce za ta gaya wa likita irin gubar. Kada a tsaya ɗura masa nono ko manja. Jama'a da yawa sun yarda nono yana kashe guba, amma ba ya kashewa, lokaci kawai ake ɓatawa. Kada kuma a tilasta masa amai.

Tun shekaru da yawa ma'aikatar kare tsirrai ta gwamnati take horar da waɗansu manoma a ƙauyuka domin su riƙa yi wa jama'a feshi bisa ƙa'ida. Dabara ce mai kyau. Sai dai mutum guda ko biyar ba su isa fadama mai wannan girma ba. Abin da ya isa shi ne kowa ya ɗaga kai jifa-jifa ya dubi na kusa da shi.

Tsarnawa da Galmi

Gabas da Ƙonni kaɗan akwai Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya. In aka zarce gaba, bayan Malbaza, sai Galmi, garin da sunan albasarsa ya kai har Abijan da Akara. Akwai asibitin mishan a can tun 1950. Lokacin kakar albasa buhuna ne jere a bakin kwalta, ƴan dako suna lodi cikin manyan motoci. Buhu guda yakan wuce kilo 100. Mutum biyu ko uku ke ɗora shi a kan ɗan dako, shi kuma ya hau katako da shi. Wanda ke ƙarƙashin buhu ba ya ganin gabansa sosai, ba ya ganin bayansa ko kaɗan. In direba zai ja da baya, ran kowa yana hannun yaron mota da ke tsaye yana buga ƙarfe. Ƴan dako sun san haka ba tare da an koya musu a aji ba. Shi ya sa ba a raba su da kiran juna da ihu lokacin lodi. Baƙo ya ɗauka faɗa ake yi, alhali tsaro ne.

Malbaza

Tun daga nesa ake hango dogayen gine-ginen ma'aikatar siminti sun yi sama da komai. Malbaza tana kamar kilomita 35 gabas da Ƙonni, ta kuma zama gunduma mai kanta a 2011. Tsohuwar ma'aikatar ta fara fitar da siminti a 1966. Ta gwamnati ce, har aka sayar da ita ga ƴan kasuwa a 1998.  Sabuwar da ta fara aiki a 2018 an gina ta ne domin tan 650,000 a shekara. A wannan shekarar kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a kusa da garin.

Ba a banza aka zaɓi Malbaza ba. Ƙasar wurin tana da dutsen farar ƙasa, shi ne uwar siminti. Ana fasa shi, a niƙa shi da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderun ƙarfe mai juyawa. Zafin cikinsa yana kai awo 1,450, alhali ruwa yana tafasa ne a awo 100. Abin da ya fito ƙwallaye ne masu tauri. Su ake sake niƙawa tare da wani dutse mai ƙyalli da ake kira jips, a samu garin siminti. Jips ɗin ma akwai shi a ƙasar Adar, mutanen ƙauyuka kan tono shi da hannu su sayar.

Irin wannan wuri, ko a wace ƙasa yake, haɗarinsa a fili yake: wuta, ƙura, ƙara mai toshe kunne, ƙarafa masu juyawa, da bel mai tafiya da duwatsu wanda ba ya bambanta dutse da hannun mutum. Saboda haka ma'aikatun siminti na duniya suna da ƙa'idoji da aka sani. Hular kwano, tabarau, takunkumin hanci, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki. Waɗannan kowa ya gan su ya gane amfaninsu. Amma akwai wata ƙa'ida da ta fi su ban sha'awa, ita ce ta kwaɗo.

In inji ya lalace, makaniki zai shiga cikinsa ya gyara. Makunnin injin kuwa yana can wani ɗaki mai nisa. Wanda ke wancan ɗaki ba ya ganin makaniki. In ya kunna bisa kuskure, shi ke nan. To, sai aka ce kowane mai shiga ya kashe wuta, ya sa kwaɗonsa na kansa a makunni, ya jefa mabuɗi a aljihu. In mutum huɗu ne suka shiga, kwaɗo huɗu ke rataye. Inji ba zai tashi ba sai na ƙarshe ya fito ya buɗe nasa da hannunsa. Kwaɗon ɗan koyo da na shugaba darajarsu ɗaya, ba wanda ke da ikon cire na wani. Haka kuma in za a shiga rumbun siminti ko wani rami mai ƙunci, dole a bar mutum guda a ƙofa. Ba ya ɗaukar shebur, ba a aikensa sayen goro. Aikinsa kallo ne da saurare. Mai wucewa zai ce wannan zaman banza yake yi, ana biyansa. Ba zaman banza ba ne, ran na ciki ne aka ba shi ajiya.

Doka ma ta shiga cikin maganar. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin kare rai da lafiyar waɗanda ke masa aiki. Ta kuma ce wurin da ke da ma'aikata goma ko fiye ya kafa kwamitin tsaro da lafiya, inda wakilan ma'aikata ke zama tare da shugabanni. Wanda aka yi wa rajista a asusun CNSS, da aka kafa a 1965, in ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani da diyya. Hukumar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda haɗarin aiki da cututtukan da aiki ke jawowa. Ta ware ranar 28 ga Afrilu domin tunatarwa.

Sai dai doka tana tsayawa ne a bakin ƙofar ma'aikata. Mai tonon jips a cikin rami ba shi da kwamiti. Magini da ke kwaɓa siminti da ƙafa a ƙauye ba shi da rajista, kuma sau da yawa bai san ɗanyen siminti yana cin fata kamar wuta ba, sai dare ya yi ƙafa ta ɗauki zogi. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a nemi likita. Abin da ke faruwa a ramin da ba tsari an gan shi a Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, a watan Nuwamba na 2021. Ramin zinariya ya rufta, mutum 18 aƙalla suka rasu.

Kunya da jarunta

Kafin a bar Malbaza, akwai wata magana mai nauyi. Me ke hana mutum ya yi wa ɗan uwansa magana, alhali ya ga haɗari da idonsa?

Na farko kunya. Yaro ya ga tsoho yana feshi iska na bugun fuskarsa, sai ya yi shiru, domin ba a gyara wa babba. Tarbiyya ce, ba a raina ta ba. Amma akwai hanyar faɗa da ba ta zubar da girman kowa. Yaro yana iya matsowa ya ce: "Baba, iska ta juya, kawo in kama maka daga wancan gefe." Suruki yana iya aika ƙanen matarsa. In kuwa abin na gaggawa ne, a yi ihu kawai, a ba da haƙuri daga baya. Kuma dattijon da aka yi wa magana ya ce "madalla, ɗana" a gaban jama'a, ya buɗe bakin yara goma. Wanda ya ce "yaushe aka haife ka?" ya rufe su duka, har ranar da shi kansa zai bukaci a yi masa magana.

Na biyu jarunta. Saurayi ya ɗaura ƙyalle a hanci, abokai su yi masa dariya, su ce matsoraci ne. Gobe sai ya bar ƙyallen a gida. Wannan dariya ta cuci mutane da yawa. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Zargi ne ake yi da wannan magana, amma a wurin aiki tana da wata fuska. Tun da kowa na wani yake hangowa, to kowa ya faɗi abin da ya hango, shi ma a faɗa masa nasa.

Na uku ɓoyewa. Igiya ta kusa tsinkewa, Allah ya kiyaye, sai wanda ya gani ya mayar da ita wurinta ya yi shiru don kada a ce shi ya ɓata. A ma'aikatun da suka ci gaba, haɗarin da ya kusa aukuwa ana rubuta shi a tattauna a kansa, ba a hukunta wanda ya kawo labari. Ƙungiyar manoma ma tana iya yin haka a taronta, ba ya cin ko dala.

Rijiyoyin Adar

Daga Malbaza sai a komo a hau hanyar Tawa a yi arewa. Ƙasa ta canza. Tuddai ne masu baƙin dutse, da kwaruruka a tsakaninsu. Badagishiri tana bakin kwalta cikin kwarinta, ranar Alhamis take ci, kuma kasuwar dabbobinta sananniya ce. A nan ake ganin jajayen awaki da tumaki da raƙuma da shanun Azawak. Daga Badagishiri ake ratsewa yamma zuwa Ilela, mazaunin Sarkin Adar.

A wannan ƙasa, da rani ya tsananta, babban wurin aiki shi ne bakin rijiya. Da yawa daga rijiyoyin siminti na karkara ma'aikatar OFEDES ce ta gina su bayan samun ƴancin kai. Sun rage rufta ƙwarai, amma ba su kawar da dukkan haɗari ba. Inda rijiya ta yi zurfi, raƙumi ko sa ko jaki ke jan wasaki. Yaro ke kora dabbar, ya yi nisa da ita, babba yana bakin rijiya yana jiran wasaki ya iso. Tsakaninsu murya ce kawai. In na baki bai yi kira a kan kari ba, dabba ta zarce. In yaro ya juyo ba a shirya ba, igiya ta koma da gudu, kuma duk ƙafar da ta samu cikin lauje sai ta tafi da ita. Shi ya sa makiyayin kirki ba ya barin ƙananan yara wasa a kan hanyar igiya, ko nasa ne ko na wani. Bakin rijiya kuma a riƙa share taɓo, domin santsi da turereniyar shanu a kwami ba su haɗuwa lafiya.

Mafi haɗari duka shi ne ranar yasa, lokacin da mutum zai sauka ƙasan rijiya. A can ƙasa iska mai kyau tana iya ƙarewa, wata marar amfani ta taru a madadinta. Ba a ganinta, sau da yawa ba ta da wari. Mutum yana sauka lafiya, ya yi numfashi kaɗan, ya sulale bai ko yi kira ba. Tsofaffin mahaƙa suna da gwaji: a zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu, ba mai sauka. A ɗaure reshe mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya, a sake gwadawa. Amma fitila ba ta nuna kowace irin guba. Hayaƙin injin ban ruwa yana da wata guba da fitila ke ci a cikinta lafiya lau, mutum kuwa ya mutu. Saboda haka inji mai shan fetur ba a zura shi cikin rijiya, kuma ko a sama yake a juya bututun hayaƙinsa nesa da baki. Wannan ya shafi masu lambun albasa na Galmi da Ƙonni kamar yadda ya shafi makiyaya.

Mai sauka a ɗaura masa igiya tasa ta dabam a ƙirji, ƙarƙashin hammata, ba ta guga ba. A sama a samu ƙarfafa aƙalla biyu da ba su da wani aiki sai riƙe ta. Su riƙa kiran sunansa, yana amsawa. In an kira sau biyu ba amsa, ba shawara ba jira, sai ja.

Ga kuma wuri mafi wuya. Mutum ya ga ƙanensa kwance a ƙasan rijiya, zuciya ta ce masa faɗa ka ɗauko shi. Iskar da ta kayar da na farko tana nan tana jiran na biyu. A ƙasashe da yawa an ga rijiya guda ta ci mutum uku ko huɗu ƴan gida ɗaya, kowa ya bi ɗan uwansa. A irin wannan sa'a, mai ƙaunar mutum shi ne wanda ya rungume shi ya hana shi sauka sai an ɗaura masa igiya, ko da zai zage shi.

Kafin a fara yasa, mai unguwa ko shugaban mahaƙa ya tara mutane ya faɗi sunaye a fili: wane ne mai sauka, su wane ne masu igiya, wane ne zai hau babur zuwa gidan likita in ta ɓaci. A duba igiya taƙi bayan taƙi, a sa hannu a murɗa, domin wadda ta kwana cikin laima takan ruɓe daga ciki. Masu igiya su ci abinci su sha ruwa tun kafin a fara, kada ɗaya ya ce zai je ya dawo. In la'asar ta yi aiki bai ƙare ba, a fito da mutum, a rufe bakin rijiya da itace da ƙaya saboda yara da dabbobi, a komo da safe a sake zura fitila.